An Ce Na Tafi Kano

Ƙararrawa ce ke tashin mutane a gidan nan, irin ta makarantar boko, sai ka ce mu da muka haura saba'in aji za mu shiga. Kafin ta kaɗa na daɗe da yin asuba, ina zaune a bakin gado da carbi ina jiran gari ya waye. Gidan tsofaffi ne a kan wani tudu a gefen Yawunde, kuma a cikinmu ni kaɗai ne Bahaushe, ni kaɗai ne mai salla. Ba zan zalunce su ba: zanin gado fes, magani a kan lokaci, tukunyata daban don kada a haɗa min da abin da ba na ci. 'Yan matan da ke kula da mu Papa Alaji suke ce min, ni da ban taɓa taka Makka ba, amma a garin nan duk mai doguwar riga da hula Alaji ne. Daga tagar ɗakina, idan hadari ya janye, ina hango rufin kwanon gari ya yi ja da tsatsa, kuma na san daidai inda Briketeri, unguwarmu ta Hausawa, take a cikinsa. Taksi ɗaya ne tsakaninmu, biyu in an yi rashin sa'a. Shekara guda cur na yi ina kallonta daga nan, babu mutum ɗaya daga can da ya hawo tudun ya ce min ina kwana.

A Briketeri aka binne cibiyata. Mahaifina daga ƙasar Kano ya zo yana saurayi, rabi a ƙafa rabi a bayan mota, ya zauna ya yi aure bai sake komawa ba. Ni Kano a bakinsa kawai na san ta. Unguwar da na buɗe ido na gani ba ta san bene ba. Gidajen ƙasa ne lungu-lungu, jar laka tana kama ƙafa idan an yi ruwa, ruwan Yawunde kuwa ba ya neman izinin kowa. Ladan da maƙogwaronsa yake kira, babu lasifika, amma har ƙarshen unguwa ana jin sa, domin babu babur babu janareto. Yana gamawa turame su ɗauka, gida ya amsa wa gida, kuma a cikin turmi goma ina iya gane na innata, saboda takan cilla taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe. Sai masu koko, sai matan ƙabilar Ewondo, 'yan asalin garin, su gangaro da kwandunan rogo da ayaba a baya. Wannan ba ta jin Hausa, waccan ba ta jin Ewondo, a yi ta nuni da yatsa ana dariya, amma ban taɓa ganin an rabu ba a daidaita ba. Da hantsi kuma mashinan ɗinki na ƙafa su kama, daga wannan zaure zuwa wancan, har sai azahar ta tsayar da su.

Baba tela ne, mai aikin wuyan riga. Aikina na safe uku ne: in ɗebo ruwa a famfon bakin hanya, inda sai ka yi faɗa da yaran unguwar Madagaskar kafin layi ya zo kanka, in hura gawayi in zuba a dutsen guga, sannan in zauna kusa da ƙafarsa ina zura masa zare a allura, domin idonsa ya fara gajiya tun ina ƙarami. Idan na ƙona riga da guga ba ya faɗa, sai dai ya miƙo min ita ya ce in kai wa mai ita da kaina in yi bayani. Na fi tsoron wannan da duka.

A lokacin ba a kai tsoho ko'ina. Kowace ƙofar gida da dakalinta, kowane dakali da tsohonsa, an shimfiɗa masa buzu, ga butarsa ga sandarsa. Yana gyangyaɗi, amma ya san wa ya shiga unguwa, wa ya fita, matar wa ta yi yaji, ɗan wa ya fara shan taba a bayan kasuwar Mokolo. Mai wucewa ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Baba yakan ce mana, "Ko barci kuka tarar yana yi ku gaishe shi, yana jin ku." Tsoho ya ruɗe, ya yi fitsari a zaune, ya kira jikarsa da sunan uwarsa da ta mutu, duk a dakalin nan zai yi, a gaban kowa, a ɗauke shi a wanke a dawo da shi. Ba wai mutanen da mala'iku ba ne. Akwai masu rowa, akwai masu mugun baki. Amma gida yana da mutane a cikinsa da rana, mata goma a tsakar gida ɗaya, ba a rasa mai leƙowa.

Akwai wani tsoho maƙwabcinmu da muke ce wa Baban Goro. A da babban bafatake ne, har 'yan dako yake da su a Mokolo. Fatauci ya karye, ido ya dushe, matarsa ta rasu, 'ya'ya kuwa Allah bai ba shi ba. Duk da haka rigarsa kullum a goge, yana zama cikin manya ana jin shawararsa. Kowace yamma kafin magariba innata ta zuba tuwo da miya a ƙaramin kwano, Baba ya naɗe shi da ƙyallen yadi ya ɗaure kamar ƙunshin ɗinki, ya ce, "Kai wa Baban Goro ɗinkinsa. Ka riƙe daidai, kada ka karkata." In je in yi sallama in ce ga ɗinki. Tsohon ya ce, "Madalla. Ka ce masa aikin jiya ya yi kyau." Da safe in karɓo ƙunshin, kwano a wanke a ciki. Shekara biyu muna haka. Yanzu na gane duk unguwa ta san abin da ke cikin ƙyallen nan, sai dai babu wanda ya taɓa saninsa da baki.

Wata yamma wani baƙo daga Duwala yana zaune a dakali tare da manya, ya ga ƙunshi yana tururi, ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, wane irin ɗinki ne wannan mai ƙamshin miyar kuka?" Ni kuwa don in nuna ina da wayo, na ce, "Ai ba ɗinki ba ne, tuwon Baban Goro ne, kullum mu ke ba shi." Tsohon yana nan zaune, taku biyar tsakaninmu. Babu wanda ya yi dariya. Tsohon ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya shige gida. Na bi shi da ƙunshin, ta bayan labule ya ce, "Ka ce wa babanka ba ni da ɗinki a wurinsa." Bai sake karɓa ba. Kafin watan ya ƙare ya hau bayan wata motar kaya ya yi arewa, inda ba shi da kowa, ba mu sake jin duriyarsa ba. Na yi ta jiran bulala, ba ta zo ba, da ta zo da ta fi min sauƙi. Baba yana taka mashin, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Shekara biyu yunwa ba ta kore shi daga unguwar nan ba. Kai ka kore shi da yamma ɗaya." Tun ranar babu abin da nake tsoro a duniya kamar bakina.

Na gaji allurar, na gaji zauren, na taka mashin har gwiwa ta ƙi. Na aurar, na yi suna, na binne mutane, har da uwar 'ya'yana. Gidan na gado ne, aka raba, 'yan'uwa suka ce a sayar, wanda ya saya ya rushe ya tada bene da shaguna a ƙasa. Na koma wurin babban ɗana a wata unguwa, hawa na uku. Shi ma'aikacin ofis ne, rabin watansa a Duwala yake yi. Matarsa ma tana aiki, jikoki suna makaranta, ƙannensa mata biyu aure ya kai su ƙasashen waje. Wata rana da hantsi na faɗi a banɗaki, na kwanta a kan tayil mai sanyi ina kira, babu kowa, sai da suka dawo da yamma. Likita ya ce kada a ƙara barina ni kaɗai. Aka ɗauki mai aiki, ta tafi, aka ɗauki wata, ita ma ta tafi. Ranar da ɗan nawa ya kawo ni nan yana tuƙi yana ta yi min Faransanci, shi da bai taɓa yi min Faransanci ba, wai na ɗan lokaci ne, sai ƙafa ta yi ƙarfi. Na juya ina kallon hanya. Ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninmu, ba mu saba zama mu buɗe wa juna ciki ba. Wayata ta fashe a faɗuwar, ya saya min sabuwa da sabon layi, lamba uku a ciki, tasa da na ƙannensa.

Sai na zauna jiran unguwa. Na fi jiran aminina mai turare, wanda muka yi allo tare, muka shiga lekol, wato boko, tare, aka koro mu tare saboda mun ƙi zuwa ranar kasuwa. Rumfarsa tana bakin masallaci, shekara da shekaru can nake shan inuwa bayan Juma'a. Wata ɗaya, wata uku, wata shida, shiru. Na fara zaginsu a zuci. Na ce ashe duk rigunan sallar da na kwana a kansu, duk makarar da na ɗauka, duk na banza ne, mutum na faɗuwa an share shi. Na yi fushi har na daina ambaton su a addu'a, abin da nake jin kunyarsa yanzu.

Shugabar gidan, wata mace mai kirki da muke ce wa Madam, ita ta lura kullum ina manne da taga. Ta ce, "Papa Alaji, nan ba kurkuku ba ne. Kanka garau yake, ƙafarka ta yi sauƙi. Duk wanda ya iya sa hannu a takarda yana fita ya ga gari, ya dawo kafin abincin yamma. Ko ba ka da mutane ne?"

Na ce, "Ina da su, unguwa guda."

Ta ce, "To ranar Juma'a ka je musu, tunda su ba su zo ba."

Ta rubuta sunan gidan a kati ta sa min a aljihu kamar yaron da za a aika kasuwa. Ban gaya wa ɗana ba. Na ce ban kai lalacewar da zan nemi izinin wanda na haifa kafin in je masallaci ba.

Na goge rigata da kaina. A cikin taksi ina ta shirya maganganun da zan gasa musu, masu zafi, kowa da nasa. Ina sauka hayaƙin tsire ya buge ni, sai da na dafa sanda sosai. Unguwar ta cika ta batse. Babura kamar za su hau mutum, mashinan ɗinki duk na lantarki, yara 'ya'yan Hausawa suna zagin juna da Faransanci. Dakali ko ɗaya ban gani ba, duk an mai da su teburan sayar da waya. Amma dai ita ce, ƙafata ta san kowane rami. Na yi salla a sahun baya, a cikin mutane, kafaɗa da kafaɗa, karo na farko a shekara, hawaye suna zuba ina sharewa da hannun riga.

Ana sallamewa aminina ya hango ni. Ya yi kabbara, ya ture mutane ya rungume ni.

"Mutumina! Yaushe a gari? Kai, Kano ta karɓe ka, dubi har ka yi fari!"

Kafin in buɗe baki an kewaye ni. Wannan ya ce, "Sannu da hanya, Baba Tela." Wancan ya ce, "Ya mutanen Kano, ya ka baro su?" Aminina yana riƙe da hannuna yana girgizawa, ya ce, "Yaron nan naka ya ce ka matsa sai ka je ka ga dangin babanka kafin ta Allah ta kasance. Mun nemi lamba, ya ce layin can ba ya shiga. Amma ka kyauta ke nan? Ka tafi ko sallama babu? Wallahi na yi fushi da kai, shekara guda ina fushi."

Nan na gane komai. Ɗana ya kasa buɗe baki ya ce wa Briketeri ya kai ubansa gidan tsofaffi, wurin da a ganinmu sai marar kowa ake kaiwa. Da ya faɗa, da bai ƙara ɗaga kai a masallacin nan ba, kuma 'ya'yansa mata sai an goranta musu ranar da aka zo neman aurensu. Sai ya kai ni Kano da baki. Katin Madam yana aljihuna, ina jin kaifinsa a ƙirji. In na fito da shi na dawo da unguwata: in riƙa zuwa kowace Juma'a, su ma su riƙa hawo tudu da fura da labari. Na ɗaga ido, sai ga surukin ɗana, uban matarsa, tsaye a cikin mutane yana murmushi yana jiran amsata. 

Na ce, "Suna lafiya. Suna gaishe ku."

Daga nan ƙarya ta yi ta haihuwa. Aka zaunar da ni a rumfar turare, aka kawo shayi, aka ce in ba da labari. Na ba su Kanon mahaifina, ta badala da marina da 'yan koli, wadda ya bari tun kafin a haife ni. Wani ɗan kasuwa, haihuwar can, ya dube ni da mamaki ya ce, "Baba, gadojin saman nan fa, ba ka gan su ba?" Na ce ido ya tsufa, kuma ba na fita sosai. Aka ce ina tsaraba. Na san in na ce zan kwana biyu, gobe za su cika gidan ɗana da gaisuwa, don haka na ce zuwan gaggawa ne, takardun asibiti na zo karɓa, a jirgin ƙasa na yamma zan koma.

Abin da na manta shi ne, a wurinmu ba a barin matafiyi ya tafi shi kaɗai. Aminina ya rufe rumfarsa ranar Juma'a, ranar cinikinsa. Ya aika aka sayo tsire da sandar rogo, dafaffen rogon nan da ake naɗewa a ganye, na guzuri. Ya shiga gida ya fito da wata 'yar riga a leda, ya ce 'yarsa da ke aure a Kano ta haihu, in kai wa jikan in sa masa albarka. Na ce kada su wahala, ya ce in rufe masa baki. Mu huɗu muka cika taksi har gar, tashar jirgin ƙasa. Hanyar duka ina kallon gwiwoyina.

A ƙofar gar sauran suka yi min addu'a suka ja baya. Aminina kuwa ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce, "Mutumina, ni da kai ba yara ba ne. Ba lallai mu sake ganawa ba. Duk abin da na yi maka ka yafe min."

Na ce, "Na yafe. Ni ma ka yafe min."

Ya yi dariya, hawaye yana bin gemunsa, ya ce, "Kai me ka taɓa yi min?"

Na shiga cikin masu sayen tikiti, na laɓe bayan wani ginshiƙi tsakanin buhuna, da furfurata, kamar ɓarawo. Ta tsakanin mutane ina hango shi yana leƙe yana ɗaga hannu ko zan waiwayo. Sai da suka daɗe da tafiya na fito, na miƙa wa mai taksi katin. Madam ta tare ni a ƙofa da fara'a ta ce na ga mutanena? Na ce na gan su. Ta ce in sa hannu tun yanzu na Juma'a mai zuwa. Na ce ta bar shi. Tsiren na ba mai gadi.

Ranar Lahadi ɗana ya zo. Labari ya riske shi tun ranar. Ya zauna a kujera yana kallon ƙasa.

"An ce ka shiga gari, Baba."

"Na shiga."

"An ce har gar suka raka ka."

"Har gar."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Mutum mai furfura a gefen kai, yana kuka kamar ranar da aka yi masa kaciya. Ya ce, "Baba, ban san yadda zan faɗa musu ba. Rana ɗaya na ce Kano, shi ke nan ta kama ni. Bari in je in gaya musu gaskiya, duk abin da za su ce su ce."

Na ce, "Da kafin Juma'a ne, da ƙaryar taka ce kai kaɗai. A ce yaro ya ji kunya, a yi maka faɗa, a wuce. Yanzu ni na tsaya a ƙofar masallaci na ce suna gaishe ku. Na bar mutum ya rufe rumfarsa, ya nemi gafarata yana hawaye. In koma in ce masa me? Ga rigar jikansa, ka nemi direba ya kai ta Kano kafin yaron ya fi ƙarfinta."

Ya karɓa, ya miƙe. Yana kaiwa bakin ƙofa na tsayar da shi.

"Tambaya ɗaya. Ranar da na mutu, a ina za ka ce na mutu? In a Kano ne, wa zai wanke ni, wa zai sallace ni? Makara kai kaɗai ba za ka iya ɗaukarta ba."

Ya tsaya da leda a hannu. Can ya ce, "Allah ya ja da ranka, Baba."

"Amin. Amma ka yi tunani, domin mutanen gidan nan ba su san yadda ake yi mana ba."

Ya ce zai yi tunani. Yana zuwa duk Lahadin da yake gari, da lemo da sabulu, mu gaisa, ya tambayi ƙafa, in tambayi yara. Bai tada maganar ba, ni ma ban sake tadawa ba. Sai dai na kira ɗaya daga cikin 'yan matan nan, Kirista ce, mai hankali, na nuna mata inda alƙibla take, da yadda ake juya mutum a kan damansa, a rufe masa ido, a ɗaure haɓa, a lulluɓe shi, don kada ta rasa abin yi kafin ɗana ya iso daga Duwala. Ta ce, "Papa Alaji, daina irin wannan magana." Na ce ta dai rubuta. Ta rubuta da Faransanci, ta liƙa a bayan ƙofata.